Jumla Ɗaya Kowace Talata

Wasiƙar asibitin ta faɗo ta ramin ƙofa da hantsi, lokacin Idalina tana sama tana barcin nan da ta tsira kwanan nan. Anselmo ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka, ya juya gaba ya juya baya. Farar ambulan ce, sunan matarsa yana leƙowa ta 'yar tagar leda. Irin waɗannan 'yarsu Telma ta kafa musu doka tun watan Yuni: kada wanda ya buɗe, a ɗora bisa firji har ta taso daga aiki.

Sau biyar ana haka. Telma za ta shigo ko rigar sanyi ba ta cire ba, ta farke ambulan a tsaye, idanunta su bi shafi biyu a guje, sannan ta ninke ta jefa a jaka.

"Ba komai, Mama. Kumburin nan ne dai na ciki. Sun ce ki ci gaba da shan magani."

Anselmo Teixeira aji huɗu kawai ya yi a makarantar ƙauyensu can Portugal, amma ba wawa ba ne. Shekara goma sha tara yana zaune a Yarmouth, ya san likitan Ingila ba ya ɓata shafi biyu don ya ce ba komai. Kuma akwai abin da ya fi takardar damunsa. Tun Telma tana 'yar shekara goma sha uku, ita da uwarta ba sa haɗa awa ɗaya a ɗaki ba a yi cacar baki ba, yau kan gishiri, gobe kan gyaran gashi, jibi kan mijin da ta aura. Yanzu wata huɗu cur ko musu ɗaya Telma ba ta yi da uwar ba. Kullum tana tafe da furanni. Wannan ladabin shi ya hana Anselmo jin daɗin abinci.

Ranar dai ya ɗora buta a wuta, ya kara bakin ambulan a tururi har ta saki. Ya zauna a teburin kicin da littafin makarantarsa da fensir, ya kwafe wasiƙar harafi bayan harafi, tun daga adireshi har sa hannu, kunnensa yana sama ko zai ji motsin gado. Awa ɗaya da rabi ya yi. Ya mayar ya manne, ya ɗora bisa firji. Da yamma Telma ta zo ta karanta, ta daɗe a shafi na biyu fiye da kullum, ta ce ba komai.

To, ga wasiƙa a hannu, wa zai kai wa? 'Yan Portugal da suka iya Turanci sun fi a ƙirga a garin, kuma kowannensu da baki. Abin da aka faɗa da safe a shagon gahawar da suke taruwa, kafin la'asar ya isa kunnen surukar wani a Porto. Ya gwada ƙaramin ƙamus ɗinsa, yana neman kalma ɗaya bayan ɗaya, ya tashi da tarin kalmomi marasa kai da ƙafa. Shi da ya ƙare ƙarfinsa a masana'antar yankan talo-talo ya san fiffike da cinya da wuya a faranti ba su ne tsuntsu ba. Sai ya tuna da Talata.

Abin dariyar shi ne Telma ce da kanta ta sa shi a makarantar. Da kafaɗarsa ta ƙi, ya bar masana'anta, ya zauna a gida yana bin Idalina daga kicin zuwa falo yana gaya mata yadda ake yanka albasa. Telma ta ce ko ya nemi abin yi ko uwarta ta kashe shi. Ta rubuta sunansa a ajin koyon Turanci na manya, a ɗakin da ke saman laburare, Talata da Alhamis, ƙarfe goma na safe. Shekara goma sha tara kowa a layin aikinsa ɗan Portugal ne har da mai duba su, Turancin da ya tara bai wuce gaisuwa da godiya da ban haƙuri ba.

Malama Hilary ke da ajin. Doguwa ce mai furfura, tsohuwar malamar firamare, kuma har yanzu kallon 'yan firamare take wa duk wanda ya zauna a gabanta ko da jikoki gare shi. Alhamis ta nahawu ce, a cike gurbi, a mayar da abin da ya wuce zuwa abin da zai zo, a yi ta yi har kai ya ɗau zafi. Talata kuwa ta fahimta ce. Za ta raba labari ɗan gajere, wani ya rasa karensa ko wata ta makara jirgin ƙasa, ta ce a karanta sau uku: na farko a guje, na biyu da fensir, na uku don amsa tambaya. Wanda ya tsaya kan kalma ɗaya yana zufa, sai ta ƙwanƙwasa masa tebur da jan bironta.

"Tsallake ta, Anselmo. Maƙwabtanta za su gaya maka ko wace ce."

Tambayoyinta huɗu ba sa canzawa, suna nan a kusurwar allo ba ta goge su: wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, me ya faru, me zai faru. Anselmo bai taɓa cin fiye da biyu ba. A ƙarshen darasi kuma akwai abin da take kira jumlar titi. Kowa ya kwafo jumla ɗaya daga inda ya ga dama, jikin bas ko kwalin madara ko ƙofar kanti, ta rubuta a allo, aji ya warware ta tare.

A nan Anselmo ya ga ƙofa. Zai riƙa kawo wasiƙar gutsure-gutsure, jumla ɗaya kowace Talata, ba wanda zai san daga ina. Ya gaya wa kansa wannan dabara ce. Gaskiyar magana tsoro ne. Mutumin da ke son sanin abu da gaske ba ya raba shi mako-mako.

Talatar farko ya zaɓi jumlar da ta buɗe wasiƙar, don ya ga kalmar godiya a ciki, ya ce wannan ba za ta yi cizo ba. Malama Hilary ta rubuta a allo, aji ya hau kanta, suka fito da ma'ana: Na gode da ka turo mini wannan mata mai fara'a, 'yar shekara hamsin da tara.

Zeferino ne ya fara fashewa da dariya. Mutumin Bissau ne, harshensu ɗaya da Anselmo, kujerarsu ɗaya tun ranar farko, kuma bakinsa ba ya hutu.

"Kai tsoho! Ashe haka kake? Mu muna kwafo kwalin madara, kai har mata ake turo maka? Wa ya turo ta? Ka ce masa ni ma ina nan, ko marar fara'a ce zan karɓa."

"Rufe mini baki, ɗan banza. A jikin bas na gani."

"Wane bas ne wannan? Gaya mini lambarsa in hau!"

Aji ya kwashe, har da waɗanda ba su ji abin da aka ce ba. Anselmo ma ya yi dariya, ya ji wani sauƙi ya sauko masa. Mata mai fara'a. Ai wanda zai faɗi mugun abu ba zai fara da yabo ba. Sai da ya ɗaga kai ya ga Malama Hilary ba ta cikin masu dariya. Tana tsaye da alli a hannu, tana duban jumlar kamar ta taɓa gamuwa da ita a wani wuri. Ta goge ta da sauri fiye da yadda ta goge ta sauran, ta kira na gaba.

A makon nan Idalina ta kama siket ɗinta na zuwa coci da fil don ya daina zamewa. Ta dafa miyar kabeji da dankali, ta zuba masa kwano cike, ita ta sha cokali uku ta ce gishiri ya yi yawa. Gishiri bai yi yawa ba. Ranar Asabar yana wanke kwanuka ya tsinci zoben aurenta a cikin kwatamin wanke-wanke, ya kai mata, ta ce sabulu ne. Ta sa shi a yatsan tsakiya ta ci gaba da maganar Kirsimeti, wai bana busasshen kifin nan mai kauri za a saya, ba siririn bara da ya narke a tukunya ba.

Talata ta biyu ya kawo wata daga tsakiyar shafin farko. Malama Hilary ta karanta 'yar takardar a hannunta kafin ta juya allo.

"A ina ka samo wannan, Anselmo?"

"Jarida, Malama."

Ta dube shi ta saman tabarau. Mutanen ƙasar nan ba sa ce maka kana ƙarya, sai dai su ce to. Ta ce to, ta rubuta. Wannan karon ba ta bari an ja ba, ita ta yi rabin aikin. Wa ya zo? Matar. Da wa ta zo? Da 'yarta. Me 'yar ta roƙa? Ta roƙa a fara yi mata bayani ita kaɗai, uwar tana waje.

Ba wanda ya yi dariya. Wata 'yar Lithuania da ke zaune a gaba ta sunkuyar da kai tana gyara fensir ɗin da bai buƙaci gyara ba. Anselmo ya tuna ranar sarai. Telma ta ce musu za ta koma ta karɓo takardar magani, ta bar su a benci kusa da injin shayi, suka yi kusan rabin awa suna jira. Da ta fito hancinta ja wur, ta ce mura ce.

A matakala Zeferino ya riƙo hannun rigarsa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Tsoho, wannan ba wasiƙar soyayya ba ce."

"Jarida ce na ce maka."

"To. Allah ya sa jarida ce."

Bai ji haushin Telma ba, ko da ya so ya ji. A ƙauyensu haka ake yi. Likita ya ja babban ɗa gefe, gida ya sani, maƙwabta su sani, Fadan coci ya sani, mai ciwon kaɗai a riƙa ce masa ya kusa tashi. Ana cewa wanda ya ji sunan ciwonsa ya fi saurin tafiya. Shi kansa Anselmo ya taɓa zama a bakin gadon kawunsa yana yi masa lissafin girbin zaitun da kowa ya san ba zai gani ba. Abin da ya ƙona masa rai shi ne an ajiye shi a benci tare da mai ciwon, shi da ya kamata a ja gefe.

Daga ranar ya daina leƙa shagon gahawa. Idalina na barci zai buɗe littafin ya zuba wa shafi na biyu ido. Akwai wata doguwar kalma da ta fito sau uku, babu ta a ƙamus ɗinsa. Akwai kalmar gida, ya santa. Akwai watanni, ita ma ya santa, kuma ba ya son inda ta zauna. Sai ya rufe littafin ya tura ƙarƙashin kwandon burodi, ya fita bayan gida ya tsaya yana jin kukan tsuntsayen teku a kan rufin maƙwabta.

Talata ta uku an tashi da iska mai ɗauke hula. Ya kwafo jumlar da ta buɗe shafi na biyu, mai tsawo, ya miƙa. Malama Hilary ta karanta, ta sake karantawa, ta ninke ta sa a aljihun rigar sanyinta. Ta ce wa aji lokaci ya ƙure, yau ba jumlar titi. Agogon bango ya nuna saura minti ashirin. Kowa ya gani. Suka tattara jakunkuna suka fita, Zeferino ya ɗan dafa kafaɗarsa ya wuce.

Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta yi magana a hankali, kalma-kalma, yadda zai bi.

"Anselmo, wannan wasiƙar likita ce. Ta wa ce?"

"Matata."

"Ni ba likita ba ce, ba kuma tafinta ba ce. Ba a yarda in fassara irin wannan takarda ba, kuma daidai ne da ba a yarda ba. Asibiti suna da tafinta, kyauta ne. Zan rubuta maka abin da za ka ce musu."

Ya girgiza kai. Tafintan asibiti a gaban Idalina zai yi magana, kuma duk abin da likita ya faɗa shi zai faɗa, ba ragi. Ba shi da Turancin da zai bayyana mata wannan. Ya tattaro ɗan abin da yake da shi, ya ciro littafin ya buɗe a gabanta.

"Ba ke za ki karanta mini ba, Malama. Ni. Ni zan karanta. Sau uku."

Ta daɗe tana duban rubutun fensir ɗin, shafi biyu cike, ko waƙafi ɗaya bai tsallake ba. Sannan ta miƙe, ta ɗauko babban ƙamus daga kabad ta ajiye a gefensa, ta nuna masa kusurwar allo inda tambayoyin huɗu suke. Ta koma ƙarshen ɗakin ta fara jera kujerun da suke a jere, ta ba shi baya.

Na farko a guje. Bai tsaya ba, ko da doguwar kalmar ta tare shi. Na biyu da fensir, yana jan layi ƙarƙashin abin da ya gane, kuma abin da ya gane ya fi yadda ya yi zato, don wata bakwai na cike gurbi da labaran ɓatattun karnuka ba su tafi a banza ba. Ya buɗe ƙamus sau shida. Doguwar kalmar bai ma neme ta ba, waɗanda ke kewaye da ita sun riga sun gaya masa. Iska tana jijjiga tagar, a ƙasa ana jin wata tana karanta wa ƙananan yara labari suna amsa mata. Na uku ya ɗauki fensir ya rubuta lamba ɗaya zuwa huɗu, ya amsa da karkataccen Turancinsa.

Likitan asibiti ne ya rubuta. Likitan unguwa aka rubuta wa, aka aiko wa Idalina kwafi. Ciwon ya bazu har hanta, ba za a yi tiyata ba, ba wani magani kuma. Ma'aikatan jinya za su riƙa zuwa gida don kada ta ji zafi. Watanni ne, kaɗan.

Ya ɗaga hannu kamar yadda ake yi in an gama. Ta zo ta karɓi littafin, ta zaro jan bironta don sabo, ta karanta amsoshin. Anselmo ya zuba wa biron ido. Duk rayuwarsa bai taɓa roƙon Allah ya sa ya faɗi jarrabawa ba sai yau. Biron bai taɓa takardar ba. Ta mayar masa da murfi.

"Duka huɗun daidai ne," in ji ta. "Ka yi haƙuri, Anselmo."

Bai hau bas ba. Ya bi ta bakin teku da ƙafa, ta gaban rumfunan wasa da aka rufe tun ƙarshen bazara, iska tana watsa masa yashi a fuska. Ya yi kuka, kukan tsoho mai sauti, ba kowa a hanyar sai wani mai yawo da kare da ya kau da kai don ladabi. Kafin ya kai layinsu ya yanke shawara. Telma ta yi daidai. Zai ja ta gefe ya ce mata ya sani, su ɗauki abin su biyu. Idalina kuwa za ta sayi kifinta mai kauri, ba za ta ji komai daga bakinsa ba.

Ya tarar da kicin da ɗumi. Idalina ta sauko, ta ɗaura kallabi, tana yanka kabeji siri-siri yadda ba wanda ya iya sai ita. Telma tana wajen kwatami, ta zo hutun rana. Idalina ta nuna shi da wuƙa, idanunta suna ƙyalli irin na da.

"Ga shi nan, munafukin Allah. Shigo, shigo. Matar Zeferino ta zo ɗazu ta kawo mini lemo, ta ba ni labari. Ashe mata ake turo maka a makarantar? Mai fara'a, wai. Ni da na yi shekara talatin da takwas ina wanke maka safa ban yi fara'a ba ko?"

"Shirmen Zeferino ne, Lina. Darasi ne kawai."

"To karanto mini darasin. Wata bakwai kana fita da jaka kamar lauya, ko sau ɗaya ban ji Turancin nan ba. Telma, ce wa ubanki ya karanta."

"Karanta mata mana, Baba," in ji Telma tana murmushi, ba ta juyo ba. "Yau tana jin daɗi."

Ya ce maƙogwaronsa ya bushe. Idalina ta tura masa kofin ruwa. Ya ce ba tabarau, ta nuna masa su a aljihun rigarsa. Ta ajiye wuƙa, ta zare littafin daga hammatarsa ta buɗe daidai inda fensir yake, ta miƙa masa, ta harɗe hannu. Mako nawa rabonsa da ya ga tana neman rigima haka? Ya ce a ransa ai ko kalma ɗaya ba ta ji, Turanci a wajenta ƙarar ruwa ne. Ya gyara tsayuwa ya fara.

Ya karanta yadda aka koya masa, a hankali, yana tsayawa a kowace aya. Jumlar farko Idalina ta tafa hannu. A ta uku ƙarar kwanuka ta tsaya. Telma ta juyo, kumfa har gwiwar hannu, fuskarta ta yi fari fat. Ta girgiza masa kai kaɗan, shi kuma ya kasa tsayawa, don in ya tsaya sai an tambaye shi dalili. Idalina tana ta dariya.

"Ji tsohon nan! Kamar mai labarai a talabijin. Ci gaba, ci gaba!"

Ya juya shafi. Idonsa yana bin layi, bakinsa yana bin ido, kuma kafin ya ankara ya karanta abin da ke gabansa kamar yadda ya kwafe shi, har da sunan.

Dariyar ta tsaya.

"Teixeira," in ji Idalina. "Wannan ai ni ce."

Famfo yana zuba, Telma ta miƙa hannu baya ta kashe shi.

"Takardata ce ta asibiti?" Ta dubi Telma, ta dubi Anselmo. "To ai shi ke nan, yanzu ina da masu karatu biyu. Ita kullum ba komai. Kai me suka ce?"

"Mama, na gaya miki..."

"Ba ke na tambaya ba."

Anselmo bai iya yi mata ƙarya tana kallonsa ba, bai taɓa iyawa ba, ko kan kuɗin taba. Ya laluba cikin shafi biyun nan yana neman abu ɗaya da yake gaskiya kuma ba ya yanka. Ya samu. Har ya ji daɗin samunsa.

"Sun ce kin huta da zirga-zirga, Lina. Ba sai kin ƙara zuwa asibiti ba. Su ne za su riƙa zuwa gida suna duba ki."

Idalina ta goge hannuwanta a jikin rigar girki, ɗaya bayan ɗaya, ta jawo kujera ta zauna. Ta dubi tulin kabejin da ta yanka, wanda ya ishi mutum shida.

"Haka suka ce wa babana a asibitin Vila Real," in ji ta. "Ya huta da zirga-zirga. Ni na ɗauko masa jakarsa muka dawo gida."

Telma ta toshe baki da jiƙaƙƙen hannu.

"Ke, daina. Share fuskarki ki kira mini Odete," in ji Idalina, ƙanwarta ke nan da ke Portugal. "Ki ce ta zo yanzu, kada ta jira Kirsimeti." Ta tura kabejin gefe, ta buga tebur kusa da ita da tafin hannu. "Kai kuma zauna nan. Na ga akwai saura a shafin. Ka faro mini daga farko, da harshenmu, kuma kada ka tsallake komai."

Anselmo ya zauna. Ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa a layin farko.